Ƙwayoyin Goggo a cikin kwata

Jiya aka aiko mini da atamfar yayi, wato anko, ta sadakar shekarar Goggo, yayar babana, har da hotonta a jiki. Na ajiye ta a kan kujera ina kallon ƙarfin hali irin na marasa kunya.

Goggo ce mai waakye, wato shinkafa da wake, a bakin layinmu a Nima. Ƙamshin wake da karan dafi ke tashinmu da safe. Duk wanda ya miƙo kwano ta san shi har kakarsa. Takan ɗora yatsa a goshi ta ce, "Nan ne littafina."

Ranar da ta zuba gishiri sau uku a tukunya, ta juyo ta tambaye ni 'yar gidan wa ce ni, na kai ta asibiti. Likita ya nuna mini hoton kanta. Ya ce hawan jini ya tsuke jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa jini, in ba a kula ba mantuwar gaba za ta yi. Ya ba da ƙwayoyi.

Baffa, ƙanenta, ya watsa su a kwata. Ya ce, "Ke yarinya, wannan ba ciwon asibiti ba ne, jifa ne." Shi da sauran dangi suka turara ta har tana shaƙewa. Da ta fara fita ba ɗankwali, su ɗin ne suka soma raɗa cewa mayya ce, suka kulle ta a ɗaki.

Yau Baffan ne ke zirga-zirgar kafa rumfa da lasifika.

Allah Ya haskaka kabarinki, Goggo. Ya mayar miki da littafinki a can, ki tuna kowa ban da su.