Ranar da Baba Ya Tsaya a Layin Wani

Shekarun baya, da na dawo Zuru da takardar digiri da sabon kwat, gani nake mazaɓarmu ni kaɗai take jira. Ban yi wata uku a gida ba na ce zan nemi kansila. Abokaina suka ce ai na riga na ci, tunda mahaifina na cikin dattawan da suka kafa reshen jam'iyyar a unguwarmu. Na yarda da su, har na fara gwada sa hannu irin na manya a bayan littafi.

Abokin takarata manomi ne, ko sakandare bai gama ba. Shi ne dai mai tara mutane gayya duk lokacin da damina ta cinye hanyar da ake fito da dawa kasuwa. Na raina shi ƙwarai.

A lokacin, zaɓen fid da gwani ƙato bayan ƙato ake yi. Ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su yi layi a bayansa, a ƙirga su. Babu ƙuri'a, babu labule, kowa na ganin kowa. Muka taru a filin firamare da hantsi, na tsaya ina gyara kwat ina waiwaye. Sai ga mahaifina da sandarsa. Ya zo dab da ni, ya dube ni, ya wuce, ya je ya tsaya bayan manomin nan. Tsofaffi suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyata ce ta tsaya a bayana, daga baya ma ta ce tausayi ne ya sa. Na sha kaye, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari mutanen ɗaya jam'iyyar suka aiko cewa in zo, za su ba ni takara ba tare da wani layi ba. Na yanke shawarar sauya sheƙa, na kuma san in na tafi, ni da Baba sai gaisuwa. Na same shi yana yaɓe rumbu, na ce ya tozarta ni gaban jama'a, don haka na bar musu jam'iyyarsu.

Bai daina yaɓe ba. Ya ba ni labarin lokacin da soja suka mayar wa farar hula mulki, yadda su tsofaffin sojoji da manoma da Fulani, masu zuwa coci da masu zuwa masallaci, suka zauna gindin ɗorawa saboda duk wanda ya je ofis shi kaɗai kan maganar hanya, ko kujera ba a ba shi. Wannan zaman shi ya zama reshen jam'iyya. Aikinta, in ji shi, ta tace wanda zai iya ɗaukar kayan jama'a. In shi ya bi ɗansa, gobe kowa zai bi nasa, sai a wayi gari babu jam'iyya, sai gidaje. Ya ce in na yarda da manufar waɗancan in tafi da albarkarsa, don dole a samu masu sa wa na kan mulki ido, amma kada fushi ya kai ni.

Sannan ya ɗago ya ce, "Ɗana, shekara da shekaru ina soja, inda anka ce in tsaya nan nike tsayawa. Yanzu an ba ni in zaɓi layi da kaina, sai in yi ƙarya da ƙafata? Kana zaton da sauƙi na wuce ka?"

Ya juya ya ci gaba da yaɓensa. Jikina ya yi sanyi. Ban sauya sheƙa ba. Ni ne ma na koma rubuta wa manomin wasiƙu a yaƙin neman zaɓe.

Baba ya rasu tuntuni, amma har yau ban manta da ranar nan ba. Bayan wasu shekaru aminina ya fito takara, na san sarai bai cancanta ba. Na je fili da niyyar yin irin ta Baba. Yana waiwayowa muka haɗa ido, sai kawai na sunkuyar da kai na shiga layinsa. Aboki ne fa kawai, na kasa wuce shi. Shi Baba ɗan cikinsa ya wuce.