Farar Ɗamarar Baban Zalika

In ka bi ta unguwar Dar es Salam bayan la'asar, za ka ji ihu na tashi daga wani gida mai rumfar kwano, har baƙo ya zaci faɗa ake. Ba faɗa ba ne, makarantar karate ce ta Metir Isaka, kuma muryar nan mai kaifi da ke ba da umarni ta Zalika ce.

Tun tana 'yar lakwal, wato 'yar makarantar boko, ta shiga. Mahaifinta Alhaji Ɗahiru, mutumin Damagaram kuma ma'aikacin gwamnati, cewa ya yi zafin kan yarinta ne, za ta gaji ta bari. Ina! Ta zama ungozoma, ta yi aure, ta haihu, karate na nan daram. Yau baƙar ɗamara ce a ƙugunta. Da ciwon gwiwa ya zaunar da Metir Isaka a kujera, ita ya miƙa wa koyarwa, da doka guda da ba a taɓa ta: a nan ɗamara ce girma, ba furfura ba. Wanda ya zo ƙarshe shi ke tsayawa ƙarshen sahu, shi ke share fili.

To, Alhaji ya ajiye aiki, ya zauna, tansiyo ta hau, wato hawan jini, ƙafafu suka yi nauyi har sallah sai a kan kujera. Likita ya ce ya motsa jiki. Ya gwada yawo a bakin kogi wajen Gaweye, ya ce shi ba zai yi ta gantali ba kamar wanda akuyarsa ta ɓata. Rannan sai ga shi a makaranta cikin farin kimono na karate da farar ɗamarar sabon shiga, tumbi a gaba. Zalika ta ji kamar ta nutse don kunya. Shi ko a jikinsa, ya ɗauki tsintsiya.

Kuma abin ya karɓe shi. Kafin damina ta wuce ya koma sujada da goshinsa a ƙasa. Zalika ta san ubanta sarai, mutum ne mai zuciya. Ranar da ya yi fushi ya bar wurin nan, kujera zai koma, kuma ba zai sake tashi ba.

Ranar jarrabawar ɗamara ruwan ɗorawa, Alhaji ya gayyato abokan fadarsa ta hira, har da Lawali mai sayar da katako, sarkin tsokana. Aka zo kata, wato jerin motsin da ake haddacewa. Wajen juyi, Alhaji ya yi dama maimakon hagu, ya tsaya cak. Zalika ta ce ya sake. Ya sake, ya kuma ɓata. Ta dubi Metir Isaka, tsohon ya kafa wa rufi ido.

Wallahi ta so ta ba shi ɗamarar. Amma a satin nan ta kayar da wata ɗaliba kan wannan juyin.

"Baba, wannan karon ba ka ci ba."

Lawali ya bushe da dariya. Alhaji ya sunkuyar da kai yadda doka ta ce, ya sa takalmansa ya fice.

Kwanaki ba a gan shi ba. Uwarta Hajiya Fati ta kira ta a waya: "Ke wace irin 'ya ce? A gaban Lawali? Ɗan ƙyallen nan me zai rage ki da shi?"

"Inna, in na ba shi na ƙarya, shi zai fara raina ni," in ji Zalika. Ta faɗa da ƙarfin hali, amma tana tsoron kada ya koma kujera.

Ran Juma'a ta je gida gaisuwa. Ba ya falo, ba ya kan kujera. A tsakar gida ta same shi, an ture turmi da bokitai gefe, ya naɗe wando, gumi sharkaf. Ta durƙusa.

"Baba, ina wuni?"

Ya harare ta.

"Ke, tashi. Wajen juyin nan naku, wace ƙafa ce ke fara tafiya?"

"Ta hagu, Baba."

Ya juya, ya yi tangal-tangal, ya tsaya yana jiran ta ce wani abu. Zalika ta ajiye jakarta, ta cire takalmi.

"Gwiwar ba ta lanƙwasu ba. Sake."