Gwangwanin Inna Ikilima

Inna Ikilima ta Kagara ba ta yafe raini. Tun rasuwar mijinta ita ke tsaron gonarsu ta shinkafa a fadama, tana jan igiya mai gwangwanaye tana korar tsuntsaye.

Maƙwabcinta Attahiru, mafarauci, ya samo kwikwiyo daga Rabah. Kullum ta fito sai ɗan karen ya cafke mata dunduniya, har ya yage mata zanen salla. Da ta kai ƙara, dariya Attahiru ya yi.

"To mi kika so in yi, Inna? Farauta shika koyo, da ke ya hwara."

Ta koma gida. Ta zuba tsakuwa cikin gwangwanin madara ta riƙa yawo da shi. Duk sadda kwikwiyon ya kai baki, sai ta kaɗa masa a kunne, ya saki ya ja da baya. Wata uku ba ta yi fashi ba, har da gangan take miƙa masa ƙafa.

Shekara ta zagayo, Attahiru ya gayyato mafarautan Boyekai su ga aikin karensa. Karen ya koro zomo har cikin gonarta ya damƙe shi. Inna Ikilima ta bari sai da baƙin suka fara yabo, sannan ta ja igiya. Gwangwanaye suka amsa gaba ɗaya. Kare ya buɗe baki ya ja da baya, zomo ya shige ciyawa.

"Inna, mi kiy yi mai?" in ji Attahiru.

"Ladabi nik koya mai, ɗana. Ai da ni ya hwara."