Layin da Shef Ya Tsawaita

Har in koma ga Allah ba zan manta ranar da wani mai karabat a wuya ya nuna ni da yatsa a gaban ma'aikata ba, ya ce ni na hana wani ƙauye hatsi. Ƙarya ya yi mini, kuma da ita aka kore ni daga aiki.

Shekarar fari ce. Ina aiki a biro, wato ofishin wata ƙungiyar agaji, a nan Damagaram, ni ke kula da ordinatoci, wato kwamfutoci, da rezo, hanyar da ke haɗa su da intanet. Ban yi nisa a lakwal, makarantar boko, ba, wurin wani Bakano na koyi aikin, ina riƙe masa tsani. Intanet ɗinmu ta faranti ce a kan rufi, hanyarta siririya kamar bakin buta. Duk saƙon da zai fita sai an yayyanka shi gutsure-gutsure, su yi layi a cikin wani akwati da ake kira rutar. Ni da gangan na gajarta layin. In ya cika, akwatin sai ya yar da gutsuren da ya zo a baya. Ordinatar da ta aiko shi, da ta ga an yar, sai ta rage gudu ta sake aikowa. Ba abin da ke ɓata. Wanda ya taɓa bin layin pampo a Birni ya san wannan: in mai pampo ya fara maido da bido, wato jarka, sai ka kawo biyu maimakon goma, kowa ya samu.

Ana nan aka turo mana sabon shef daga Yamai, shi ne mai karabat ɗin. Ya buɗe akwatin ya ga lissafin gutsuren da aka yar.

"Malam, saƙonnin mutane kake zubarwa?"

Na ce, "Shef, zubarwar ita ke faɗa musu su bi a hankali."

"A wace lakwal aka koya maka wannan?"

Aka yi dariya. Ya tsawaita layin iya tsawonsa, ya canza kalmar sirri. Washegari yana ta nuna wa mutane cewa yanzu ko ɗaya ba ya zuba.

Ranar Alhamis aka ce kafin la'asar za a rufe shafin shigar da sunayen masu karɓar hatsi. Wani dattijo ya iso daga wani ƙauye ta wajen Gaffati, da sunayen magidanta a ninke cikin hularsa. Sakatariya ta zauna shigarwa. A daidai lokacin kuma ma'aikata huɗu na aika hotunan rahoto zuwa Turai. Ordinatocinsu ba su ga an yar musu da komai ba, sai suka yi ta ƙara gudu har layin ya cika maƙil da hotuna. Ƴan sunayen dattijo suka tsaya a can baya. Shafin ya jira ya gaji, ya rufe, ya ce a sake daga farko. Tana sakewa, yana rufewa.

Na ruga wurin shef. "Don Allah ka ba ni minti biyu in gajarta layin, ko ka tsayar da hotunan."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Rezo lafiyarsa lau. Jeka ka riƙe tsani."

Aka kira la'asar. Dattijon ya taso daga gindin itacen bedi ya kama hannuna. "Ɗana, sunayen sun tafi ko?" Motar rabo ta wuce ƙauyensu ba ta tsaya ba.

Abin da har yau ke ɗaure mini kai shi ne taron da aka yi bayan nan. Shef ya miƙe ya ce ni na lalata rezo don haushin an karɓe mini kalmar sirri. Na dubi sakatariya, ta sunkuyar da kai. Masu hotuna suna kallon silin. Ashe takardar lakwal tana iya rufe bakin mutum goma.

Da na zo ajiye makulli, na shiga bironsa ba sallama. Na ce, "Shef, ni ban yi karatu ba, amma na san mai tsaron layin da ba ya iya cewa ya isa ba mai tausayi ba ne, matsoraci ne. Ni gutsure na zubar, kuma duk sun dawo. Kai ba ka zubar da ko ɗaya ba, ƙauye guda ka zubar. Je ka faɗa wa dattijon nan lissafinka ya fita tsaf."