Adda Kulsumu da Irin Ludayin Ɗiyata

Da an yi shuka, kullum bayan sallar asuba za ka ga Adda Kulsumu tana bin darnin gidajen Dauran da igiyar rama a hannu. Duk inda duma ya sauka ƙasa, sai ta ɗaga shi ta ɗaure, ko mai gidan bai farka ba. Shekara arba'in tana wannan aiki, ba wanda ya sa ta.

Ita ke ajiye mana iri: na ƙwarya, na gora, na ludayi. Ta san duma na son jigawa mai taki, ba ya son inda ruwa ke kwanciya. Daga nan har Jangeru, da wuya ka ga duma a kan rumfa wanda asalinsa bai bi ta hannunta ba.

Ɗiyata Muhsina tana da wani duman ludayi mai dogon wuya da ta samo irinsa a gidan kakarta. Adda kan tsokane ta: "Ke raguwa, rataya shi! In ya kwanta ƙasa wuyansa karkacewa zai yi, kamar na mijinki." Su yi ta dariya.

Bara Muhsina ta rasu wajen haihuwa, ta bar jaririya, Nadiya. Muna zaman makoki awaki suka cinye dumanta tas. Ranar da na ga darnin tsirara, na yi kukan da ban yi ranar jana'iza ba.

Adda, a lokacin gwiwoyinki sun riga sun hana ki yawo. Amma kin tuna Muhsina ta taɓa ba wata mata iri a Gurbin Bore. Kika hau babur da wannan ciwo, kika dawo da ƙwaya bakwai ƙulle a bakin zane. Kika ce, "Balaraba, tashi. Ga ɗiyarki, a ba ta wurin hawa."

Huɗu suka tsiro. Suka kama darni, suka haye rumfa, da yamma farin fure ya buɗe.

Bana, Adda, kin ajiye igiya. Ke ce uwar iri, Allah Ya saka miki da Aljanna. Mata, wadda ta ci moriyarta ta ɗauki igiyar nan.

Na rataya 'ya'yan duman Muhsina duka, sai ɗaya na bari a ƙasa da gangan. Da wannan karkataccen nake ba Nadiya kunu.