Neman Tagar Gefe, Daga Bungudu Zuwa Tsafe

Bungudu

Na bar gida kafin kiran assalatu, ɗauke da akwatin kwamfuta naɗe cikin bargo. Damina ce, a shekarar da soja suka miƙa mulki.

Yayana Bala ne dalilin tafiyar. Ya daɗe yana jan tirela tsakanin Gusau da Legas, har ranar da ta kife da shi, ƙafafunsa suka daina motsi. Tun da aka dawo da shi gida ba ya magana sai dole. Ni kuwa takardu nake buga wa mutane a wani shago a Gusau, kuma da maigidana ya sake injina sai ya bar mini tsohuwar kwamfuta da allo biyu. Akwai wasan tuƙin mota a cikinta. Ran da na jona ta a ɗakin Yaya na ɗora masa kibod, wato faifan maɓallanta, a cinya, sai da ya yi dariya, har matarsa Hajara ta leƙo daga tsakar gida don ta tabbatar shi ne.

Ba a jima ba ya ture kibod ɗin. "Wanga ba tuƙi ba ne, Murtala. Gaba kaɗai nike gani. Direba na duba gefe." Ya koma shirunsa, abinci ma sai an yi da gaske.

Na taɓa jin cewa in aka ƙara wa kwamfuta katin hoto, wato ɗan faifan da ke aika hoto zuwa allo, allo na biyu zai kama. Sai na ƙudura in ajiye masa shi ta hagu ya zama taga.

Ana wahalar mai, don haka motar tasha ba ta tashi ba sai da ta cika maƙil. Na rungume akwatin a cinya. A Nahuce aka ƙara mana buhunan masara, aka tura su ƙarƙashin ƙafafunmu.

Gusau

Na yi sallar asuba a tasha, na sha koko da ƙosai, na zauna ƙofar shagon Isiyaku mai kayan kwamfuta har ya zo ya buɗe. Ya ciro wani sabon kati cikin kwali mai sheƙi.

"Wannan shi ake yayi. Hoto kamar a bidiyo."

Da ya kwance akwatina ya leƙa, sai ya mayar da katin kwalinsa. "Katin nan a mazauni mai ruwan ƙasa ake soka shi, wato ramin da yake zama. Naka duk farare ne. Sai dai ka sake injin gaba ɗaya."

Na ce ba ni da halin haka. Ya ce to in nemi tsohon kati na farin mazauni in haɗa da wanda ke ciki, amma shi ya daina kawo su. Ya kwatanta mini Malam Lawali mai gyaran bidiyo a Tsafe, wanda ya taɓa sayen matattun kwamfutoci a wani gwanjo.

"In na samu, wasan zai nuna gefen hanya?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Allon dai zai kama. Sauran ban sani ba."

Da wannan amsar na shiga motar Tsafe.

Hanyar Kwatarkwashi

Dab da duwatsun Kwatarkwashi aka tsayar da mu a shinge. Wani mai kaki ya nuna bargon, ya ce in kwance. Ya duba wayoyin ciki, ya tambaye ni ko rediyo ce. Na ce abin wasan mara lafiya ne. Ya dube ni, ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya ɗaga mana katako.

Muna wucewa ruwa ya sauko. Tagar wajena ba gilashi, sai na cire rigata na ƙara lulluɓe akwatin. Tsohuwar da ke kusa da ni ta miƙo mini ledar da ta rufe ƙwaryarta, ba ta tambaye ni komai ba.

Tsafe

Na sami Malam Lawali bayan azahar, yana zaune a rumfarsa hannu biyu a cinya, don kwana da kwanaki ba su ga wuta ba. Ya shiga ciki ya fito da kati biyu cikin tsohon gwangwanin madara.

"Wanga babba ya fi ƙarfi, amma shinshina."

Na shinshina. Ƙauri yake.

"Wanga ƙarami lafiya lau na cire shi, sai dai raggo ne. Hoto zai riƙa tsalle."

"Ba inda za mu gwada?"

"Mai janareto na nan bayan kasuwa, amma ba shi da mai."

Na daɗe ina juya su a hannu. In na ɗauki babban, yana iya ƙona injin, Yaya ya rasa har gaban da yake gani. In na ɗauki ƙaramin, wataƙila ba zai iya jan wasan ba. Na ɗauki ƙaramin. Malam Lawali ya sa shi da hannunsa, ya ɗaure noti, ya sa aka kawo mini tuwon dawa da miyar kuka. Na ci kaɗan. Ya rako ni bakin titi yana cewa in gaishe da mai jiki.

Komawa

A Gusau na sake mota, na iso Bungudu bayan la'asar, na tarar akwai wuta. Hajara ta share tebur, na ajiye allo ɗaya gaban Yaya, ɗaya ta hagunsa. Na kunna. Duka biyu suka kama. Yaya ya ce a ƙara masa matashi a baya.

Na buɗe wasan. Hanya ta fito a allon gaba, shimfiɗe kamar kullum. Na hagu ya tsaya shuɗi, ba komai a kansa. Na shiga duk inda na san ana shiga, na kashe na kunna, na sauya wayoyi. Wasan bai san da wata taga ba. Ba a yi shi don haka ba.

"Bari dai in gani," in ji Yaya.

Ya kama tuƙi. Ya bi miƙaƙƙiyar hanya, ya zo kwana, sai na ga ya juya kai hagu yadda ya saba yi shekara da shekaru. Ya tsaya yana kallon shuɗin allon. A allon gaba motar ta sauka daga titi ta daki shinge, injinta na ta kuka, bai waiwayo ba.

"Ka sha hanya, Murtala. Sannu." Ya ɗauke hannuwansa daga kibod. "Hajara, juya ni wajen bango."

Ta juya shi. Na zare wayoyin a hankali don kada su yi ƙara.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Isiyaku da bai ɓoye mini gaskiya ba, da Malam Lawali, da tsohuwar da ban san sunanta ba. Wanda duk ya karanta wannan, ya sa Bala cikin addu'a.