Takalman Kawu a Bakin Korama

Jiya, bayan ruwan farko, na tsaya da mota a bakin koramar Deule, sai na ga hannuna ya kai ga takalmina. Nan Kawu ya faɗo mini a rai.

Tsohuwar mota gare shi mai rumfar tanti, wadda ya saya a Madawa cikin shekarun saba'in, kullum tana warin man inji da albasa. Da damina bai taɓa tura ta cikin korama ba sai ya tuɓe takalma, ya naɗe wando, ya taka ruwan da ƙafarsa har ƙetare. Yakan ce, "Mota makauniya ce, ƙafata ce sandarta."

Ranar da matata take naƙuda a bayan motar, za mu asibitin mishan, nan ma sai da ya tsaya. Na ɗaga masa murya: "Kawu, yau ma? Mutuwa za ta yi!"

Ya tuɓe takalma, ya shiga ruwan. Daidai inda motoci suka saba bi, ruwan ya kai masa ƙirji, domin ƙasar wurin ta zaizaye. Ya lalubo wata hanya ta kan tsakuwa, ya dawo yana rawar sanyi, ya rage iskar tayoyi, muka haye.

Ɗiyar da aka haifa ranar, yau 'ya'yanta huɗu. Ni kuwa har aka rufe shi ban ce ya yafe mini ba.

Allah Ya haye da kai lafiya, Kawu, yadda ka haye da mu.